Kallon Hoto Garau Ba Tare da Dikoda Ba: Jagora ga Mutanen Abbaganaram

Bayan ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba, 2024, gidaje da yawa a cikin garin Maiduguri sun koma sayen kayan ɗaki daga tushe, har da talabijin. Wani maƙwabcina a Abbaganaram yana cikinsu. Ya yi ta tari har ya sayo na bango mai inci 43, ya kafa, ya ɗauko tsohuwar dikodarsa da ta tsira daga ruwa, ya jona da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Da hoto ya fito sai ransa ya ɓaci. Fuskar mai karanta labarai ta yi dishi-dishi, rubutun da ke gudu a ƙasa da ƙyar ake karanta shi. Ya ce lallai jabu aka sayar masa, gobe zai mayar. Na ce ya dakata mu leƙa bayan akwatin. Can kusa da ramin eriya sai ga wani ɗan baki mai zare kamar na ƙusa, an rubuta LNB IN a gefensa. Ashe akwai dikoda a cikin talabijin ɗin tun daga masana'anta.

Irin wannan asarar ce ta sa na rubuta wannan jagora. Kafin ka kashe kobo a kan dikoda ko kuɗin wata, ka san abin da akwatinka zai iya yi da kansa.

Me ake nufi da HD?

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne aka jera. Tsohon tsarin da muka saba da shi yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato 414,720. Ƙaramin HD yana da 1280 da 720. Cikakkensa kuwa 1920 ne da 1080, wato 2,073,600, ninki biyar cif na tsohon. A ƙaramin akwati mai ƙeya ba a cika lura da bambancin ba, amma da zarar an shimfiɗa ƙaramin hoto a kan allon inci 43 sai aibinsa ya bayyana, kamar yadin riga ɗaya da aka ja don ya ishi babbar riga.

Kafin hoto garau ya iso idonka, sai abu uku sun haɗu. Tashar da kanta ta watsa shi a HD. Na'urar da ke kama shi ta iya fassara shi. Sannan hanyar da zai bi zuwa allo ta iya ɗaukarsa. Maƙwabcina a na uku ya faɗi, domin wayar nan mai kan rawaya ba ta ɗaukar HD ko da tashar da dikodar duk sun cika sharaɗi.

Fara da bayan akwatin

Zare wuta, ka juya talabijin ɗin, ka haska da tocila. Ramin eriya santsi ne, turawa kawai ake yi, galibi an rubuta ANT ko RF. Bakin tauraron ɗan'adam kuwa mai zare ne, murɗa waya ake yi a kansa, an rubuta LNB IN ko SAT IN ko Satellite. Sai ka duba kwali ko takardar da ke manne a baya. DVB-T2 na nufin yana kama tashoshin dijital ta eriya. DVB-S2 na nufin yana kama na tauraro kai tsaye daga faranti, wanda kowa ke kira dish. Wannan na biyun shi muke nema. Idan ka ga H.265 ko HEVC a kwalin, ka yi dace, domin sababbin tashoshi suna komawa wannan tsarin matse hoto, kuma akwatin da bai san shi ba zai ba ka murya babu hoto, ko ya ce bai gane tashar ba.

Kada ka tsaya ga rubutun kwali kaɗai. Kunna, ka shiga wajen neman tashoshi. In ka ga Satellite a cikin zaɓin, tare da Antenna ko Air, to magana ta tabbata. Mai shirin saye a Kasuwar Monday ko Babban Layi ya sa a kunna masa a shago ya gani da idonsa. Yawancin masu inci 32 ɗigonsu 1366 ne da 768, suna nuna HD daidai gwargwado amma ba cikakke ba, kuma a wannan girman ya wadatar. Daga inci 40 zuwa sama ka nemi mai 1920 da 1080. Masu amfani da sola su sani akwai ƙananan talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir, da yawansu da S2 a ciki. A garin da ya sha zaman duhu bayan da aka lalata turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021, kowane soket da aka rage riba ce.

A kula da na gwanjo. Wanda aka yi don Amurka tsarinsa daban ne, ba zai kama komai a nan ta eriya ba, kuma sau da yawa wutar bolt 110 yake ci. Tsofaffin na Turai wasu DVB-T kawai gare su, babu 2 ɗin. Na Ingila kan ba da hoto babu murya a tashoshin analog, sai an shiga saitin sauti an mayar da shi BG, wanda shi ne tsarin Najeriya.

Eriya da wayar unguwa

Ba zan ɓata maka lokaci a nan ba. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin barin analog, Najeriya ba ta cika ba. An ƙaddamar da sauyin zuwa dijital a Jos a watan Afrilun 2016, sai Abuja a Disambar shekarar, Ilorin da Kaduna a Disambar 2017, Enugu da Osogbo a 2018, Legas da Kano a 2021. Borno ba ta cikin wannan jeri. Don haka eriya tana da amfaninta, za ta kawo maka NTA Maiduguri da BRTV, ka ji labaran gida da Kanuri da Hausa, amma kada ka sa ran HD daga gare ta. Ka nemi tashoshin a ɓangaren ATV, wato analog, da DTV, wato dijital, duka. Idan a DTV ka ga sunaye da alamar makulli ko ta dala a gefe, na kamfanonin biya ne, a kulle suke, sai da dikodarsu.

Haka idan wani ne ke raba tashoshi ta waya gida-gida a layinku. Galibi yakan mayar da su analog ne kafin ya tura, saboda haka ko allonka na miliyan ne, ƙaramin hoto zai iso maka.

Kafa faranti

Nan ne aikin yake. Taurarin talabijin suna jere ne a saman tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum suke wuri ɗaya a wajenmu. Maiduguri tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya da digiri 13 gabas, saboda haka duk farantinmu ɓangaren kudu yake karkata, kuma sama sosai yake kallo.

Abin da ya fi kowane kamfas sauƙi a gare mu shi ne alƙibla, tunda babu gidan da bai san ta ba. Ka tsaya kana fuskantarta. Nilesat, da ke digiri 7 yamma, yana bayanka kusan daidai, a ɗage kamar digiri 63 daga ƙasa. Eutelsat 16A, da ke digiri 16 gabas, yana wajen hannunka na dama, ya ɗan ja baya kaɗan, kuma kusan a tsakar ka yake, digiri 76. Arabsat, wanda ake kira Badr, a digiri 26 gabas, yana tsakanin gabanka da damanka, ya fi kusa da dama, a ɗage kamar digiri 70. Namu na gida, NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disambar 2011, yana digiri 42.5 gabas, tsakiyar gaba da dama, a ɗage kamar digiri 53. Ga mai kamfas a waya: Nilesat wajen 241, Eutelsat 16A wajen 166, Arabsat wajen 132, NigComSat wajen 110.

Kafin ka zaɓi tauraro, zaga layinku ka dubi farantan maƙwabta. Ka tambayi wanda hotonsa ke da kyau wane tauraro yake kai, farantinsa nawa ne faɗinsa, waɗanne tashoshi yake samu. Wannan tambayar ta fi duk lissafin da na kawo, domin kowane tauraro yana da yankunan da yake haskawa da ƙarfi, kuma ba duk abin da ke kansa ke isowa Borno ba. Waɗanda aka nufa da Afirka ta Yamma ƙaramin faranti na santimita 90 kan ishe su. Na ƙasashen Larabawa kuwa muna gefen haskensu ne, shi ya sa za ka ga manyan faranti na mita 1.8 a tsakar gidaje an danne ƙafafunsu da bulo. Shawarata ita ce kada ka yi tsumulmula a girman faranti. Tashoshin HD sun fi saurin yankewa idan sigina ta yi rauni, kuma ɗan ƙarin faɗin nan shi zai riƙe maka hoto ranar da hadari ya haɗu.

Kayan da za ka tanada: faranti da ƙafarsa, LNB na Ku mai rubutun Universal, wato ɗan kan nan da ke gaban faranti, waya RG6, kawunan waya masu zare guda biyu ko huɗu, sufana, wuƙa mai kaifi da salatif na wuta. Wajen waya ka kankare bakinta ka gani. Mai kyau tana da saƙar ƙarfe mai kauri a kewaye da farar roba mai tauri. Mai araha saƙarta 'yan silallai ne, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 zai farfasa bayanta, ruwan Agusta ya shiga, sigina ta mutu a hankali ba ka san dalili ba.

Zaɓi wurin da babu abin da ya tare tsakanin faranti da sama ta wajen tauraron. Maiduguri garin dalbejiya ne, kuma ganyenta yana tare sigina kamar bango. Reshen da yake nesa bana zai iya rufe ka baɗi, ka yi lissafi da wannan. Ƙarfen da faranti zai hau dole ya tsaya cak, ka gwada da igiya mai dutse a ƙasa. In ya karkace, duk lambobin da ke jikin ƙafar faranti sun zama ƙarya. Kada kuma ka kafa a jikin kwanon rufi mai motsi. Iskar farkon damina da ke zuwa da jar ƙura ta ishe ta kautar da shi.

Wajen haɗa kan waya, fere bayan kamar tsawon gaɓar yatsa, ka lanƙwasa saƙar baya, ka yanke farar robar ka bar tsinken tsakiya tsirara, sannan ka murɗa kan. Ka duba da kyau kada ko sili ɗaya na saƙar ya taɓa tsinken. Talabijin yana tura wutar bolt 13 ko 18 ta cikin wannan wayar zuwa LNB, in suka haɗu za ka iya ƙona ɓangaren da ke kama tauraro. Saboda haka kada ka taɓa ɗaura waya ko kwance ta talabijin yana kunne.

Wani abu da ke rikitar da sababbin hannu: ƙananan farantai masu siffar ƙwai suna kallon sama fiye da yadda ido ke gani, da kamar digiri 22 zuwa 26. Ka bi lambobin da aka zana a jikin ƙafar, kada ka bi fuskar farantin. Manyan masu LNB a tsakiya su ne ke kallon tauraro kai tsaye, shi ya sa suke kwanciya kamar daro.

Sai murɗin LNB, wanda mutane da yawa ke mantawa, alhali a yankinmu yana da girma saboda kusancinmu da tsakiyar duniya. Ka ɗauki fuskar agogo, wayar tana fita ta ƙarfe 6. Don Eutelsat 16A ɗan kaɗan za ka gusa, ƙasa da rabin awa. Don Arabsat kusan awa ɗaya da rabi. Don Nilesat kusan awa biyu, kuma ta ɗaya ɓangaren, domin shi yana yamma ne su suna gabas. Na sha ganin faranti ya daidaita sarai amma rabin tashoshi babu, ba komai ya jawo ba sai wannan murɗin.

Saiti a cikin talabijin

Shiga wajen tauraro, ka zaɓi sunan wanda kake nema. Inda aka rubuta LNB Type ka sa Universal, lambobinsa 9750 da 10600. LNB Power ya kasance a kunne, 22K a bar shi a Auto. In faranti ɗaya ne da LNB ɗaya, DiSEqC a kashe. Za ka buƙaci lambobin tasha guda mai ƙarfi a kan tauraron don ka yi farauta da ita: Frequency, Symbol Rate, da harafin H ko V. Kwafo su daga dikodar maƙwabcin da ke kan tauraron yau, ko daga shafin LyngSat. Da gangan ban rubuta su a nan ba, domin tashoshi suna ƙaura, lambar bana kan zama tarihi baɗi.

Za ka ga sanduna biyu a allo. Strength tana nuna cewa LNB na samun wuta kuma waya lafiya take. Tana iya kai 80 faranti yana kallon katanga, kada ta ruɗe ka. Quality ita ce shaidar ka sami tauraron. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a wajen faranti ɗaya a gaban allo, ko ka fito da talabijin tsakar gida. Sassauta ƙusoshi kaɗan, ka sa tsayin da ya dace, ka riƙa juya faranti gefe a hankali, gwargwadon kaurin yatsa, kana tsayawa daƙiƙa uku bayan kowane motsi, saboda talabijin ya fi dikoda jinkirin amsawa. In ka share wajen babu komai, ɗaga ko sauke kaɗan ka sake. Da Quality ta motsa, ka bi ta hagu da dama, sama da ƙasa, har ta ƙi ƙaruwa. Sannan murɗin LNB, sannan ka tura shi gaba ko baya a cikin maɗaurinsa. Wajen ɗaure ƙusoshi ka riƙa yi bi da bi idonka na kan allo, don ɗaurin kansa yana kautar da faranti.

Daga nan zaɓi Blind Scan, wanda ke lalubo duk abin da ke kan tauraron ko ba ya cikin tsohon jerin akwatin, ka kuma zaɓi Free ko FTA don kada ya cika maka jeri da tashoshin da ba za su buɗe ba. In ya gama, buɗe tasha ka danna Info a rimot. Idan ka ga 1080 ko 720, HD kake kallo. Idan 576 ne, ƙaramin hoto ne ko da an liƙa HD a sunan tashar. Ka daure ka zauna ka goge tashoshin da ba su dace da gidanka ba, ka sa lambar sirri. Tauraro ba ya tace abin da yake zubowa, wannan aikin maigida ne da uwargida.

Mai son tauraro biyu ko fiye zai ƙara LNB ko faranti, ya haɗa su da ɗan akwatin DiSEqC mai baki huɗu, ya gaya wa talabijin kowane tauraro bakin da yake. Mai son kai waya ɗaki biyu kada ya tsaga ta, domin akwatunan za su riƙa jayayya a kan bolt 13 da 18. Ya sayi LNB mai baki biyu, kowane ɗaki da wayarsa.

Abin da za ka samu

A taurarin Larabawa akwai tashar Alƙur'ani da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka da takwararta ta Madina, da Aljazeera, da tashoshin gwamnatoci da dama, kuma da yawansu suna da na HD kyauta. Ga garin da Larabci ba baƙo ba ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tashoshin Hausa sun yawaita tun bayan fitowar Arewa24 a 2014, na wa'azi da na fina-finai da na labarai, sai dai da yawansu a ƙaramin hoto suke watsawa, domin HD ya fi cin wuri a tauraro, kuma wurin da kuɗin waje ake haya. Duk da haka za ka ga sun fi kyau ta wannan hanya a kan yadda wayar rawaya ke nuna su.

Ƙwallon Firimiya da Gasar Zakarun Turai kuwa a kulle suke, SuperSport da beIN sun biya kuɗi mai yawa sun saya. Duk wanda ya ce zai sa maka wata manhaja ta buɗe su har abada, ka riƙe kuɗinka. Satar fasaha ce a doka, kuma ranar da aka canza makulli hoton zai ɗauke, ba mai mayar maka da ko sisi.

In ka duba akwatinka babu S2, ba sai ka canza shi ba. Sayi risiba ta kyauta wadda ba a biyan kuɗin wata, mai S2 da H.265, ka jona da wayar HDMI, ka shiga saitinta ka sa hoto a 1080. Kallo ta intanet ma hanya ce, amma awa ɗaya ta cikakken HD tana iya cin gigabait 2 zuwa 3 na data.

Damina da rani

Rashin dikoda yana da haɗari ɗaya da ya wajaba in faɗa. Idan tsawa ta biyo waya, da dikoda ce a tsakani sau da yawa ita za ta tafi. Yanzu kuwa kai tsaye cikin talabijin za ta shiga, gyaransa kuma ya fi tsada nesa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, kashe, zare filogi, ka kwance wayar faranti daga baya. Ka koya wa duk mutanen gida, don ba kullum kake nan ba.

Ɗaukewar hoto lokacin ruwa mai ƙarfi ba lalacewa ba ce, zai dawo da kansa, kada a taɓa faranti. Haka a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba rana kan bi ta bayan tauraro, hoto ya yanke na 'yan mintuna na wasu kwanaki. Naɗe mahaɗar waya da LNB da salatif, ka bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Babban faranti ka riƙa kwashe masa ganye da ƙurar hunturu, ka tabbata ramin tsiyayar ruwansa a buɗe yake. Idan murfin robar LNB ya tsage saboda rana, canza shi kafin ruwan farko.

In ka ga aikin ya fi ƙarfinka, ko sai an hau sama mai haɗari, kira mai haɗa dish, sana'arsa ce kuma haƙƙinsa ne a biya shi. Amma ka tsaya a kansa. Ka ce a cikin talabijin kake so ya jona, ya rubuta maka sunan tauraron da lambobin da ya yi amfani da su a takarda, ya ja layi da fenti a jikin ƙarfen inda faranti ya tsaya. Kafin ka sallame shi, ɗauki rimot da hannunka ka danna Info, ka ga 1080 a allo.